Yis a cikin giya: wanda likita ya ce ya guji yis, me ake nufi da hakan?

Tambayar da ake yawan yi ita ce wai wace giya ce ba ta da yis, dan akwai masu alaji ko wani ciwo da aka ce musu su kiyayi yis, sun bar burodi sun bar duk wani abu mai kumburi, sai kuma hankalinsu ya koma kan abun sha. Toh ni dai tun daga farko bari in faɗa, ba tallar kwalba na zo yi ba, kuma wanda bai taɓa kai giya bakinsa ba ma maganar ta shafe shi, dan za ka ga ta biyo ta kan giyar da aka cire wa barasa da binega da abincin da aka dafa da giyar inabi. Amma ita kanta tambayar a karkace take, dan kusan babu wata barasa ta sha a duniya da aka yi ba da yis ba. Shi ne ma'aikacin. Abun tambaya shi ne, bayan ya gama aikin, me ya rage nasa a cikin kwalbar.

Shi yis ɗin nan halitta ce mai rai, ƙwaya ɗaya tal, dangin naman gwari ne da funfuna, girmansa bai wuce maikiron 5 zuwa 10 ba, wato sai ka jera kusan goma kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Wanda aka fi amfani da shi sunansa Saccharomyces cerevisiae, shi ne na burodi shi ne kuma na giyar inabi da giyar sha'ir da yawa, akwai kuma ɗan uwansa Saccharomyces pastorianus mai son sanyi wanda ake yin giyar laga da shi. Aikinsa ɗaya ne, ya ci suga ya fitar da abu biyu, barasa da iskar kabon. A ƙullun burodi iskar ake so dan ta kumbura shi, barasar kuma yawancinta ta gudu a wuta. A tukunyar giya barasar ake so. Abun dariya ma, mutane sun yi dubban shekaru suna aiki da shi ba su san da shi ba, dokar tsaftar giya ta Bavaria a Jamus ta shekarar 1516 ta lissafa ruwa da sha'ir da furen hof mai sa wa giya ɗaci kawai, ko sunan yis ba ta ambata ba. Wani mai bincike ɗan Holan, Leeuwenhoek, ya hango shi a madubinsa mai girmama ƙananan abubuwa a 1680 amma bai gane mai rai bane, sai wajen 1857 Louis Pasteur ya nuna cewa tsimuwa aikin halitta mai rai ce, sannan a 1883 Emil Christian Hansen a ɗakin binciken Carlsberg da ke Denmak ya ware tsantsar iri guda aka fara renonsa kamar yanda ake yi yau.

Toh idan suga ya ƙare, ko kuma barasar ta kai kaso 14 ko 15 cikin ɗari ta fara kashe shi da kansa, sai yis ya dunƙule ya kwanta a gindin tukunya ya zama laka. Daga nan ne hanyoyi suke rabuwa, kuma daga nan ne ya kamata mai tambaya ya fara rarrabe abu uku da mutane suke cakuɗawa. Akwai yis mai rai wanda in ya samu suga zai tashi ya ci gaba da aiki. Akwai mataccen yis da ɓurɓushinsa, wato furotin ɗinsa da ɓawon jikinsa da suka narke a cikin ruwan. Sannan akwai abubuwan da tsimuwar ta haifar, ita kanta barasar da su histamin da tayiramin da sauransu, waɗanda ko ka tace yis ɗin tas suna nan daram. In likita ya ce ka guji yis baka tambaye shi wanne daga cikin ukun nan yake nufi ba, to gaskiya ka fito da rabin magana ne.

Mu ɗauki giyar sha'ir tukunna dan ita ta fi ruɗa mutane. Wacce manyan kamfanoni suke zubawa a gwangwani da kwalba, mai haske garau ɗin nan, yawanci an tace ta, sau da yawa kuma an dumama ta a wajen digiri 60 dan a kashe duk wani abu mai rai kar ta lalace a hanya. Wasu ma maimakon dumamawa sai su bi da ita ta matata mai ƙananan ramuka, kamar maikiron 0.45, kaga ƙwayar da ta kai maikiron 5 ba ta da hanyar wucewa. Kenan yis mai rai kusan babu. Amma fa kisa daban cirewa daban, dumamawa tana kashe shi ne kawai gawar tana nan, ita kuma matata tana tare ƙwayar ne, furotin ɗin da ya riga ya narke a ruwa ya fi ramin ƙanƙanta nesa ba kusa ba, wucewarsa yake yi. Shi ya sa mai alaji na gaske bazai ɗauki hasken giya a matsayin shaida ba.

A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda da gangan ake barin yis ɗin a ciki. Giyar alkama ta Jamus da ake kira Hefeweizen, ita kalmar Hefe ɗin ma ma'anarta yis a Jamusanci, duhu-duhun da take yi shi ne yake yawo a ciki, har girgiza gindin kwalbar suke yi su juye lakar a kofi. Yawancin giyar gargajiya ta Beljiyam kuma ana ƙara mata ɗan suga da sabon yis lokacin rufe kwalba dan ta ƙarasa tsimuwa a ciki, haka ma giyar ganga ta Ingila da ake kaiwa mashaya tana raye. Ƙananan masu dafa giya na zamani da yawa suna alfahari ma da cewa ba su tace ba, ba su dumama ba. Duk wanda aka ce masa ya guji yis mai rai, waɗannan su ne kan gaba a abun da ake nufi, tare da duk wacce aka haɗa a gida.

Giyar inabi ita ma haka, sai dai tana da wani lungu da ba kowa ya sani ba. Ana barinta ta kwanta a tsiyaye ta daga laka sau da yawa, a tace, musamman mai zaƙi wacce suga ya rage a cikinta dole a tace ta sosai, in ba haka ba yis ɗaya da ya tsira zai tashi a kwalba ya tayar da tsimuwa har marfi ya yi tsalle. To amma akwai waɗanda ake barinsu su daɗe kwance a kan mataccen yis ɗin da gangan dan ɗanɗano. Shamfen na Faransa misali, wato giyar inabi mai kumfa, ana sake tsima shi a cikin kwalba, doka ma ta ce sai ya yi aƙalla wata 12 a kan lakar, a wannan zaman ƙwayoyin suke fashewa su narke su zuba abun cikinsu a ruwan, daga nan ƙanshin nan mai kama da gasasshen burodi yake zuwa. Daga baya a juya kwalbar a tara lakar a wuya a daskarar da ita a fitar. Sai ka ga ruwa garau kamar hawaye, ba ƙwaya ko ɗaya, alhali kuwa ya fi wata giyar mai duhu jiƙuwa da ɓurɓushin yis. Haka farar giyar inabi ta Muscadet da ake rubuta sur lie, wato a kan laka, a jikinta, haka sherin fino ta Sifen da take girma ƙarƙashin wani farin bargo na yis da yake yawo a samanta. Ni wannan wajen ne ya fi burge ni a duk maganar, ido ba ya raba gardama a nan ko kaɗan.

Sake na Japan kuma biyu ya haɗa, funfunar koji da take mayar da sitacin shinkafa suga, sannan yis ya karɓa, dan haka wanda aka hana yis da funfuna gaba ɗaya ya ci karo da duka biyun.

Sai masu ƙarfin, wiski da bodka da jin da ram da burandi. Su ma da yis aka fara, amma bayan an tsima sai a ɗora a wuta, barasa tana tafasa a wajen digiri 78 ruwa kuma sai 100, tururin ya tashi a bi da shi ta bututu a sanyaya ya dawo ruwa. Ƙwayar yis ba ta zama tururi, furotin ma ba ya tashi, duk a tukunya ake barinsu. Wannan dalilin ne ma ya sa dokar Tarayyar Turai ba ta tilasta a rubuta alkama ko sha'ir a matsayin abun alaji a jikin barasar da aka tatsa ta tururi. Kenan in ana maganar ɓurɓushin yis zalla, su ne suka fi kowa tsafta. Sai dai a kula da abun da aka zuba bayan tatsar, masu ɗanɗano da masu madara da waɗanda aka gauraya da giyar inabi, sannan da yawa daga cikin na gwangwani masu kama da lemo ɗin nan ba daga tururi suka fito ba, tsimammen suga ne ko malt, wato hatsin da aka tsirar, aka tace aka sa ƙanshi.

Kuma ga inda abun ya zama kamar wasa da hankali. Wacce ta fi ƙarancin yis ita ce mai kaso 40 cikin ɗari na barasa, wato mutum ya gudu daga abun da wataƙila ma ba ya cutar da shi ya faɗa kan wanda aka tabbatar yana cin hanta. Gudun gara kenan a faɗa gidan zago. Shi ya sa duk lokacin da na ga an jera sunaye an ce ga waɗanda ba su da yis sha abunka, sai in ga an amsa tambayar da ba ita ce damuwar marar lafiyan ba.

Bari mu koma kan su waye ma ake hanawa, dan a nan ne amsar kowa take.

Mai alajin yis na gaske, wanda garkuwar jikinsa take ɗaukar furotin ɗin a matsayin maƙiyi, akwai shi amma ba shi da yawa. Alamunsa ba ɓoyayyu bane, ƙaiƙayi da borin jini, kumburin leɓe ko maƙogwaro, shaƙewar numfashi, kuma cikin mintuna ko awa ɗaya zuwa biyu suke zuwa. Shi wannan bai damu da yis ɗin yana raye ko ya mutu ba, furotin ɗin ne matsalarsa, dan haka tacewa da dumamawa ba su cece shi ba. Gwajinsa na fata ne ko na jini mai auna IgE, wato sojan garkuwar da yake tayar da alaji, a wajen likitan alaji, kuma sau da yawa in an bincika sai a tarar ba yis ɗin bane ma, sha'ir ne ko alkama ko furen hof ko inabin kansa.

Akwai kuma wani gwajin da ake tallatawa na IgG, wani sojan garkuwar ne daban, a ɗibi jininka a turo maka dogon jerin abinci da jan layi, kuma yis kusan kullum yana ciki. Manyan ƙungiyoyin likitocin alaji na Turai da Amurka da Kanada duk sun ce kar a dogara da shi, dan IgG ɗin abinci yana nuna cewa kana cin abun ne kawai, ba wai yana cutar da kai ba. Wanda yake cin burodi kullum ai dole a ga alamar yis a jininsa. Mutane da yawa da suke cewa an hana su yis daga wannan takardar hanin ya fito, ba daga bakin likita ba.

Sai 'yan kandida, su ne ma suka fi yawa. Tun shekarun 1980 wani ra'ayi ya bazu daga Amurka cewa gajiya da kumburin ciki da ciwon kai da rashin natsuwa duk yawan wani irin yis mai suna Candida albicans ne a hanji, maganinsa kuma a bar suga da duk abun da yis ya taɓa. Ita kandida gaskiya ce, tana zaune a jikin yawancin mutane lafiya lau, tana kuma kawo farin baki da ƙaiƙayin gaba in ta samu dama, kamar bayan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ko in ciwon suga ya hau. Amma ita da yis ɗin burodi ba abu ɗaya bane, dangi ne na nesa, cin wannan ba ya rikiɗewa ya zama waccan. A 1990 an yi gwaji a Amurka aka ba wasu mata masu irin waɗannan koke-koke maganin nistatin mai kashe kandida wasu kuma aka ba su na bogi, a wajen gajiya da sauran alamun jiki gaba ɗaya ba a ga wani bambanci ba. Eh mutane suna jin sauƙi in sun bi tsarin, ban musa ba, amma wanda ya bar suga da barasa da kayan fulawa lokaci ɗaya ai dole jikinsa ya yi sauƙi, ba sai an ɗora wa yis laifin ba. Kuma a ƙa'idar tsarin nasu ma bodka ba ta tsira ba, dan barasar gaba ɗaya suka hana.

Wanda maganar yis mai rai ta fi shafa da gaske shi ne mai raunin garkuwar jiki, wanda ake wa maganin kansa fararen ƙwayoyin jininsa suka faɗi, ko wanda aka yi wa dashen ɓargo ko ƙoda. A irin wannan jikin yis ɗin da ba ya cutar da kowa yana iya shiga jini, an sha ganin haka har da wani yis mai suna Saccharomyces boulardii da ake sayarwa a matsayin maganin gudawa, musamman ga masu robar jijiya a ƙirji. Shi ya sa ake hana su giyar da ba a dumama ba, da kombuca wato tsimammen shayi, da ɗanyen yis na ƙarin kuzari. A nan mataccen yis ba shi ne abun tsoro ba, burodin da ya gasu ba matsala.

Masu ciwon hanji na Crohn kuma da yawansu ana samun wani sojan garkuwa a jininsu da ake kira ASCA wanda yake kama ɓawon yis, likitoci suna amfani da shi a matsayin alama wajen gano ciwon, amma samunsa bai nuna cewa yis ne ya kawo ciwon ba. Akwai ma wani ciwon fata mai yawan marurai a hammata da matse-matsi, hidradenitis, da wani ƙaramin bincike na 2013 a kan mutum 12 ya ga sauƙi bayan sun bar yis, mutum 12 dai ka san ba a gina doka a kansu, amma shi ya sa wasu likitocin fata suke cewa a gwada. Duk waɗannan ɓawon ne abun dubawa, kenan matacce ma yana cikin lissafi.

Mai ciwon gawut, wanda babban yatsan ƙafa yake kumbura kamar an sa masa garwashi, nasa labarin sinadarin furin ne da jiki yake mayarwa yurik asid. Yis cike yake da shi, shi ya sa giyar sha'ir ta fi sauran tayar da ciwon. Amma in ya koma wiski bai tsira ba, ita barasar da kanta tana hana ƙoda fitar da yurik asid ɗin.

Akwai kuma masu shan wasu tsofaffin magungunan damuwa da ake kira MAOI, irin su fenelzin, da maganin ƙwayoyin cuta linezolid. Su tayiramin ake guje musu dan yana iya harba hawan jini sama farat ɗaya, kuma yana da yawa a tatsattsen yis irin Marmite da wasu giyar da ake tsiyayowa daga ganga a mashaya da ba a dumama ba. Takardar asibiti za ta ce musu su guji yis, amma ba alaji ake nufi ba sam. In kuma maganar magani ake, wanda aka ba metronidazol an ce kar ya kusanci barasa kowace iri har sai kwana biyu bayan ya gama, wannan babu ruwansa da yis.

Su kuma masu cewa da sun kurɓa fuska ta yi ja hanci ya toshe kai ya ɗau ciwo, yawanci ba yis bane. Histamin ne da ya fi yawa a jar giyar inabi, ko salfayit da ake sawa dan kar ta lalace wanda yake tayar wa wasu masu asma, ko kuma jikin ne ba ya iya sarrafa sinadarin asetaldehayid ɗin da barasa take komawa a jiki, abun da ya yi yawa a mutanen gabashin Asiya ta hanyar gado.

Kar kuma ka ce za ka duba jikin kwalba ka huta. Yis ba ya cikin abubuwan alaji 14 da Tarayyar Turai ta wajabta a bayyana, ba ya cikin 9 na Amurka. Abun sha da barasarsa ta wuce kaso 1.2 ma dokar Turai ta daɗe da yafe masa rubuta kayan haɗi, sai daga Disamban 2023 aka fara tilasta wa giyar inabi, shi ma an yarda a sa a lambar da ake haskawa da waya. Salfayit dai in ya wuce miligiram 10 a lita dole a rubuta. Abun da za ka iya kamawa shi ne kalmomin da suke nuna ba a tace ba ko an ƙarasa tsimuwa a kwalba, ko ka ɗaga ta a haske ka ga laka, wannan zai gaya maka akwai ƙwayar, amma rashinsa bai gaya maka komai a kan furotin ba.

Giyar da aka ce ba barasa, mai 0.0 ko 0.5 ɗin nan, mutane suna ɗauka ta fita daga maganar. Ba ta fita ba. Yawanci cikakkiyar giya aka yi da yis sannan aka zare barasar, ko aka tsayar da tsimuwar tun da wuri, ko aka yi amfani da wani irin yis da ba ya iya cin sugan malt sosai. Ta fuskar ɓurɓushin yis ita da mai barasar duk ɗaya ne, sai dai kusan kullum ana dumama ta dan ba barasar da za ta kare ta. Lemon malt da ba a tsima ba shi daban ne, bai bi ta hannun yis ba. Binega kuwa asalinta barasa ce da bakteriya suka mayar tsami, farar da aka yi daga barasar tururi ba ta da wani ɓurɓushi, amma ta tuffa mai gizo-gizon nan a gindi da ba a tace ba tana ɗauke da shi.

Girki da giya kuma shi ne tatsar tururi a juye. A can tururin ake tarawa a zubar da na tukunya, a nan tururin ne yake tafiya a ci na tukunya. Barasar tana raguwa da daɗewar wuta duk da ba ta ƙarewa tas da wuri kamar yanda ake zato, yis mai rai ya mutu, mai raunin garkuwa ya huta ta wannan ɓangaren, amma duk furotin ɗin da yake cikin kofin da aka zuba yana nan a miyar, ruwan ma ya ƙone ya ƙara masa kauri.